Idan Ruwa Ya Shiga Na'urar Gano Ƙarfe: Abin Yi Kafin a Aika wa Kamfani

Da zarar ka ga raɓa a cikin gilashin na'urar, ko sautin ya fara rawa ba dalili, fito daga ruwa ka kashe ta, ka cire batir nan take. Kada ka kunna don ka gwada. Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki, in ya haɗu da wutar batir sai ya ci siraran layukan tagulla na allon ciki, tsatsar kuma ba ta tsayawa ko bayan ya bushe.

Yawanci laifin na zoben robar da ke rufe gidan batir ne. Zare shi da farce ko tsinken roba, ban da wuƙa, domin karce ɗaya a ramin da yake zama ya isa ya buɗe wa ruwa hanya. Duba shi a haske: gashi guda, ƙwayar yashi, tsaga, ko ya baje ya daina komawa siffarsa. Man silikon kaɗai ake shafa masa, ɗan kaɗan, ya yi sheƙi kawai. Basilin na lalata wasu nau'o'in robar. Maiƙon da ya yi yawa kuma yashi yake tarawa.

Ka san zurfin da aka yi na'urarka dominsa. Kowace mita 10 tana ƙara matsi daidai da nauyin iskar da ke doron ƙasa. Garrett AT Pro da Minelab Equinox 800 iyakarsu mita 3 ce, Excalibur II kuwa tana kai ƙafa 200, wato kusan mita 60. Wanda ya wuce iyaka ya shirya biyan kuɗin gyara da aljihunsa.

In gidan batir kaɗai ruwan ya shiga, ɗauraye shi da tataccen ruwa marar gishiri ko ma'adinai (distilled water), ka bi da sifirit ɗin goge kayan lantarki mai ƙarfin kashi 90 ko fiye, ka bar shi a buɗe kwana biyu zuwa uku a inuwa. Akwatin allon da aka liƙe tun daga masana'anta kuwa, kada ka taɓa shi muddin garanti bai ƙare ba.

Ba kowace hayaniya ce ruwa ba. Cire murfin faifan bincike, wato faifan da ke ƙasan sandar na'urar, ka wanke yashin da ya maƙale. Sannan ka motsa wayar a hankali inda ta shiga faifan. In sauti ya fashe, wayar ce ta karye a ciki.

Aikawa kamfani ita ce mai cin rai, na'ura kan yi makonni babu labari. Nemi lambar karɓar gyara kafin ka aika. Ɗauki hoton lambar jikin na'urar, da rasit, da kowane gefe nata. Rubuta matsalar dalla-dalla: zurfin, ruwan gishiri ne ko na daɗi, bayan minti nawa take farawa. "Ba ta aiki" kawai kan sa a gwada ta a kan tebur, a ce lafiyarta ƙalau, a dawo maka da ita. Ka ce a faɗa maka kuɗi a rubuce kafin a fara aiki, a kuma yi mata gwajin matsi bayan an rufe. In ta dawo, nutsa ta a bokiti na rabin awa kafin ka kai ta teku.