Yadda Ake Bin Ƙudirin Haƙƙin Mata a Majalisar Dokokin Jiha Har Ya Zama Doka

Karon farko da muka je majalisar dokokin jiharmu, da kwalaye muka je, da takarda mai shafi tara ɗauke da buƙatu goma sha ɗaya. Wani ɗan majalisa ya fito bakin ƙofa ya karɓa, ya ce zai isar, aka ɗauki hoto, muka watse muna ganin mun yi aiki. Bayan wata biyar na koma in ji inda aka kwana. Wani ma'aikaci a ofishin akawun majalisa ya buɗe rajista, ya bi ta da yatsa layi-layi har ƙasa, sannan ya ɗago ya ce, "Hajiya, takardarku ba ta shigo nan ba." Na daɗe a tsaye ban ce komai ba, domin akwai matan da suka baro ƙauyukansu tun asuba saboda wannan takarda. Abin da zan faɗa muku a nan, daga wannan ranar na fara koyonsa.

Kafin komai, ku tabbatar abin da kuke nema yana hannun jiha. Mutane da yawa idonsu na kan Abuja, alhali yawancin abin da ke taɓa rayuwar mace a majalisar jiha ake yanke shi. Dokar hana cin zarafin jama'a da ake kira VAPP, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2015, a Babban Birnin Tarayya kaɗai take aiki, sai kowace jiha ta yi tata. Haka aka sha fama da dokar kare haƙƙin yara ta 2003. Auren da aka ɗaura bisa Musulunci ko bisa al'ada, tsarin mulkin 1999 ya cire shi daga jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, don haka jiha na da ta cewa a kansa. Amma dokar ƙwadago ta tarayya ce. Shi ya sa lokacin da Legas, daga baya kuma Kaduna, suka mayar da hutun haihuwa wata shida, ma'aikatansu na gwamnati abin ya shafa. Ku samu lauya ta duba muku wannan tun farko, kada ku shekara kuna ƙwanƙwasa ƙofar da ba ta ɗakin ba.

Sannan ku ɗauki abu ɗaya. Buƙatunmu goma sha ɗaya duk gaskiya ne, amma babu kwamitin da zai iya cewa aikinsa ne. Ɗan majalisa yana so ya san wane sashe za a gyara, da wace kalma. Misali, tsohon kundin hukunta laifuffuka na Arewa da ya fara aiki a 1960 yana da sashe na 55(1)(d), wanda ya ba miji damar hukunta matarsa da sunan gyara matuƙar bai yi mata mummunan rauni ba. Ku buɗe kundin jiharku ku ga ko yana nan. In yana nan, kun samu buƙata mai layi ɗaya da kowa zai gane. Haka Ribas ta yi a 2022, ta tsaya kan abu guda, haƙƙin mace na samun rabonta a dukiyar iyali, bayan Kotun Ƙoli ta riga ta yanke a shari'ar Ukeje a 2014 cewa al'adar da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta ta saɓa wa sashe na 42 na tsarin mulki. Kwara kuma a 2021 ta tsaya kan kashi 35 cikin ɗari na muƙaman da gwamna ke naɗawa.

Majalisar jiha ƙarama ce, kuma wannan alheri ne a gare ku. Sashe na 91 na tsarin mulki ya ce ba za ta gaza mutum 24 ba, ba za ta wuce 40 ba. Duka sunayensu za su shiga shafi ɗaya na littafin rubutu. Ni ina raba shafin gida uku: wanda ke tare da mu, wanda ya ƙi, da wanda bai yanke ba. A gefen kowane suna ina rubuta mazaɓarsa, kwamitin da yake, da wanda yake jin maganarsa. Ƙarfinku ya tafi kan gidan waɗanda ba su yanke ba. Kada kuma ku aika masa baƙi daga babban birni. Mace uku daga mazaɓarsa, waɗanda ya san unguwarsu kuma ya san sun yi layi ranar zaɓe, sun fi masa nauyi a kan tawaga mai motoci goma.

Ƙudiri yana shiga ta hanya biyu: ko daga gwamna, ko ta hannun ɗan majalisa. Wanda ya fito daga gwamna ya fi saurin tafiya, saboda haka ku fara gwada ma'aikatar harkokin mata da ma'aikatar shari'a. In ba ta yiwu ba, ku nemi wanda zai ɗauki nauyinsa a zaure. A jihohi da dama babu mace ko ɗaya a majalisa, har shugaban kwamitin harkokin mata namiji ne. Abin yana ci mini rai, amma ba zan ce ku jira sai an zaɓi mace ba. Ku nemi namijin da abokan aikinsa ke ganin girmansa, wanda yake ɗasawa da kakakin majalisa da shugaban masu rinjaye, ba wanda ya fi kowa son magana a rediyo ba. Ku haɗa masa da wani daga ɗaya jam'iyyar, domin ranar da ƙudiri ya zama na jam'iyya ɗaya, ya yi asarar rabin masoyansa.

Yanzu ga inda na fi so ku tsaya ku saurare ni. A watan Maris na 2016 Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudirin daidaita dama tsakanin maza da mata da Sanata Biodun Olujimi ta kawo, tun a karatu na biyu, bisa hujjar cewa ya ci karo da addini da al'ada. A Disambar 2021 ya sake dawowa, aka sake jingine shi. Ranar 1 ga Maris 2022 kuma Majalisar Tarayya ta kayar da ƙudirori biyar da suka shafi mata a gyaran tsarin mulki, har mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofarta. Abin da na ɗauka daga nan shi ne, ɗan majalisa ba zai ɗaga hannu kan abin da yake tsoron a yi huɗuba a kansa ranar Juma'a ko ranar Lahadi ba. Don haka kafin ƙudiri ya ga zaure, ya fara ganin malamai da shugabannin coci da masarauta. Tun ran gini ran zane.

Mu mun fassara namu zuwa Hausa, sashe-sashe, muka kai wa wani dattijon malami da ake jin maganarsa. Ya sa tabarau, ya karanta a hankali, yana sa alama da jan biro. Da ya kai wani sashe sai ya ajiye takardar ya ce, "'Yata, wannan kalmar me kuke nufi da ita?" Na ce, "Allah gafarta Malam, nufinmu kada a kori mace da 'ya'yanta daga ɗaki da tsakar dare ba inda za ta nufa." Ya ce, "To ai sai ku rubuta haka. Yadda kuka rubuta, za a ce kun hana saki." Gaskiyarsa ce. Muka gyara lafazin, manufar tana nan yadda take. Wani sashen kuma ya ce bai yarda ba, mu ma muka ce ba za mu cire ba, muka rabu a kan haka cikin mutunci. Kada ku ɓoye wa irin waɗannan mutane komai don neman sa albarkarsu. In suka gano daga baya, kun rasa su har abada. Kuma kada ku je kamar masu roƙon alfarma. Neman ilimin mata da mutuncinsu ba baƙon abu ba ne a ƙasar da Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru, ta tura jajis, wato malamai mata, ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Ƙungiyoyi irin su FOMWAN ta mata Musulmi, da FIDA ta lauyoyi mata, da WRAPA mai kare haƙƙin mata sun daɗe a wannan fage, ku neme su tun da wuri.

Karatu na ɗaya sanar da sunan ƙudiri ne kawai. A karatu na biyu ake muhawara kan manufarsa, a nan kuma yawanci ake kashe shi. Ku san ranar tun kafin ta zo, kuma wanda zai gaya muku shi ne ma'aikacin ofishin akawu ko sakataren kwamiti. Ku girmama waɗannan mutane, ku san sunayensu. 'Yan majalisa suna zuwa suna tafiya, su suna nan. Ku ba mai ɗaukar nauyin ƙudirin takarda mai shafi ɗaya da amsoshin tambayoyi ukun da kuka san za a jefa masa. Ranar kuma ku cika wurin zaman baƙi, ku zauna shiru.

In ya tsallake, sai a miƙa shi ga kwamiti, kwamiti kuma ya kira zaman jin ra'ayin jama'a. Ku rubuta matsayarku a taƙaice, ku kai kwafi da yawa kafin ranar, ku karɓi shaidar an karɓa da hatimi da kwanan wata. Kada duk masu magana su zama ku: a samu likita, malamin makaranta, uba, lauya, limami. In Hausa ta fi zama a bakin mai magana, ku roƙi shugaban zama ya bari ya yi da ita. Sashe na 97 na tsarin mulki ma ya ba majalisa damar gudanar da aikinta da harshen jiha bayan Ingilishi in ta amince da haka.

Abu ɗaya nake roƙonku a nan. Kada ku tsayar da wadda aka ci wa zarafi a gaban kyamara don ku motsa zukata. Mun taɓa yi. Yarinyar ta yarda da bakinta, ta yi magana, zauren ya yi tsit, amma kafin magariba hotonta ya zagaye WhatsApp, ta yi watanni ba ta iya fita. Har yau ina jin nauyin wannan. A karanta labarin ba suna, ko a nemi kwamiti ya saurare ta a keɓe.

Bayan an watse daga jin ra'ayi ne mutane ke sakin jiki, kuma a lokacin ne ake yi wa ƙudiri fiɗa. Kwamiti zai rubuta rahoto, majalisa ta bi shi sashe bayan sashe. Kalmar "wajibi ne" tana iya komawa "ana iya", hukunci ya ragu, sashen da ya tanadi kuɗi ya ɓace. Ku nemi kwafin da za a kai karatu na uku, ku ajiye shi gefe da naku, ku bi su layi-layi.

In majalisa ta zartar, sashe na 100 na tsarin mulki ya ba gwamna kwana 30 daga ranar da aka miƙa masa ya sa hannu ko ya ƙi. Ku lura, daga ranar miƙawa ne, don haka ku bincika ko takardar ta bar majalisa da gaske. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na majalisa na iya mayar da shi doka, sai dai ba kasafai majalisar jiha ke ja da gwamnanta ba. Ku kuma riƙa duba kalanda: wa'adin majalisa shekara huɗu ne, ƙudirin da bai kammala ba kafin ta rushe, sai a koma farko da sababbin fuskoki.

Ranar sa hannu za a kira ku gidan gwamnati a ɗauki hoto. Ku je, kun cancanta. Washegari ku tambayi yaushe za a buga dokar a gazet, wato jaridar da gwamnati ke wallafa dokokinta, ku samu kwafi, ku kai wa alƙalai da ofisoshin 'yan sanda da asibitoci, ku karanta ta a rediyo da harshen da mutane ke ji. In dokar ta ce a buɗe gidan fakewa ga matan da aka kora, ko a duba wadda aka yi wa fyaɗe kyauta, wani ne zai biya, kuma wannan majalisar ce dai ke amincewa da kasafin kuɗi. Idan gwamna ya gabatar da kasafin shekara mai zuwa, ku nemi kundin, ku buɗe shafin ma'aikatar harkokin mata da na shari'a da na lafiya, ku nemo layin da ke ɗauke da sunan dokarku. In babu shi, ku ɗauko littafin nan mai gida uku, ku tambayi sakataren kwamiti ranar da kwamishina zai zo kare kasafinsa.