Yadda ake kwatanta tsadar rayuwa tsakanin Kano da Maraɗi

Fara da kuɗin da ke shigo maka a wata, ka mayar da duk lissafi zuwa kuɗi iri ɗaya. Yi amfani da farashin da ɗan canji zai ba ka a hannu, a kasuwar canji ta Wapa da ke Kano ko a Jibiya kan iyakar Nijar, domin da shi za ka yi cefane. A ce kana samun naira 300,000, ɗan canji kuma yana ba da sefa 400 kan kowace naira 1,000. Abin da ke hannunka a Maraɗi sefa 120,000 ne.

Sai ka rubuta abin da gidanku ke ci a wata da adadinsa: gero, shinkafa, mai, nama, gawayi ko gas, jarkar ruwa, kuɗin wuta, kuɗin mota, makarantar yara. Wannan jerin za ka tambayi farashinsa a garuruwan biyu, cikin mako ɗaya. Farashin gero na kaka ba a haɗa shi da na tsakiyar damina.

Awo da ƙirga su ne ke kayar da mutane. Tiyar Maraɗi daban take da kwanon Kano, saboda haka a ɗora kowanne a kan sikeli, a fitar da farashin kilo ɗaya. Ƙirgar kuɗi ma haka. A Nijar da dala ake ƙirgawa, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Idan mai shago ya ce "ɗari", sefa 500 yake nufi, jika kuwa sefa 1,000 ce, alhali a Kano jaka ɗaya naira 200 ce. Wanda bai san wannan ba zai rubuta farashin da ya ragu ninki biyar, ya ɗauka Maraɗi araha ce.

Haya a Kano yawanci ta shekara ake biya gaba ɗaya, ga kuɗin dillali. Haɗa su ka raba gida 12. A Maraɗi an fi biya wata-wata, amma ka tambayi kuɗin ajiyar da mai gida zai karɓa kafin ka shiga. Kuɗin wuta kuma kada ka tsaya kan takardar kamfanin wuta kaɗai, wato KEDCO a Kano ko NIGELEC a Maraɗi, ƙara man janareta ko cajin waya na ranakun da aka ɗauke wuta.

Bayan ka tara jimilla biyu, ware kashi 15 cikin ɗari saboda motsin canji. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kan yuro ɗaya, naira kuwa tana hawa tana sauka, musamman tun 2023. Mai albashin naira da ke zaune a Maraɗi kuɗinsa na iya raguwa ko da farashin kasuwa bai motsa ba. Don haka sake lissafin da canjin sefa 340 a madadin 400: naira 300,000 ɗin za ta koma sefa 102,000, kuma da wannan adadin ya kamata ka auna ko hayar da cefanen za su shiga.