Yadda za ka lissafa darajar jari a Excel

Duk ɗalibin Maradi da ke fatan aiki a bankin saka jari, ko da kamfanonin dillancin hannun jari na kasuwar BRVM ta Abijan, sai ya iya wannan lissafi. Mu ɗauki misalin injin matsar man gyaɗa na sefa miliyan 10, wanda ake sa ran zai riƙa kawo miliyan 3 kowace shekara har shekara 5.

Da farko, rubuta 10% a gurbin B1. Wannan shi ne ribar da mai kuɗi yake nema a shekara. A B2 sa 10000000, kuɗin sayen injin.

Na biyu, daga B3 zuwa B7 sa 3000000. Tsabar kuɗin da suka rage a hannu ake nufi, bayan an biya gyaɗa, wuta, albashi da haraji. Bashin da ba a karɓo ba kada ya shiga.

Sai ka je B8 ka rubuta =VAN(B1;B3:B7)-B2 idan Excel ɗinka na Faransanci ne. VAN dabarar lissafi ce da ke mayar da kuɗin da za su shigo nan gaba zuwa darajarsu ta yau. Nan masu koyo suka fi tuntuɓe: VAN tana ɗauka cewa adadin farko a ƙarshen shekara ta 1 yake zuwa, don haka kuɗin sayen inji a waje ake cire su. Za ka samu kusan 1372360, wato jarin ya biya.

Kada ka tsaya nan. Mayar da B1 zuwa 16%, amsar za ta faɗa ƙasa da sifiri. Wannan gwaji, a ganina, ya fi amsar farko amfani.

Lambobin da ka shigar da hannu ka ba su launin shuɗi, dabarun lissafi su zauna baƙi, yadda mai dubawa zai gane nan take.