Yadda Za Ka Shirya Yaƙin Pavia a Kan Tebur

In kana son fara wasan yaƙi da 'yan ƙananan sojojin roba ko na dalma, shawarata ka ɗauki yaƙin Pavia na 24 ga Fabrairu, 1525, a arewacin Italiya, inda rundunar Sarki Charles na Biyar, mai mulkin Sifaniya da Jamus, ta kama Sarkin Faransa, Francis na Ɗaya, da ransa. Sai dai ka fara haɗa filin kafin ka taɓa fentin soja ko ɗaya.

Dalili kuwa, a cikin wani makeken gandun farauta mai katanga aka gwabza, kuma da dare mutanen Charles suka fasa katangar suka kutsa. Samu tebur mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 4, ka shimfiɗa koren ƙyalle. Katangar da kwali mai kauri nake yin ta, in shafa gam, in barbaɗa yashi, in bi da fenti launin jan bulo. Yanka ta gunduwa-gunduwa yadda za ka iya zare guda a inda aka fasa. Rafin Vernavola da ya ratsa gandun kuma, siririn shuɗin ƙyalle ya wadatar, amma ka yawaita bishiyoyi da fadama a gefensa. A irin wannan wuri ne 'yan bindigar Sifaniya suka ritsa baraden Faransa masu sulke. In ka bar fili fetal, dawakai za su tattake kowa, wasan ya tashi ba daɗi.

Sojoji kuwa, na fi son masu tsayin milimita 15. Na milimita 28 sun fi kyau a ido, amma ga tsada ga cin wuri.

Wahalar tana wajen sojojin haya na Jamus, wato Landsknecht, masu tufafi tsage-tsage, hannun riga ja, ƙafar wando rawaya. Kada ka ce sai ka yi wa kowane kwalliyarsa daban, ba za ka gama ba. Shafa farin fenti a ƙasa tukuna, ka zaɓi launi uku, ka riƙa sassauya musu wuri a jikin mutum goma-goma. In ya bushe, bi da ruwan fenti mai duhu, tsararo, ya kwanta a lungunan tufafin. Ga wani sauƙi: mutanen Charles da yawa sun ɗora fararen riguna a kan sulke don su gane juna cikin duhu, saboda haka wasu fari kawai za ka bar su. Dogayen masun roba karyewa suke yi. Cire su ka sa wayar ƙarfe, ka dai kula da yatsunka.

Ranar wasa ka tanadi tef na awo, 'ya'yan ludo na jefawa masu ɗigo-ɗigo, da auduga ta hayaƙin bindiga. Ni doka biyu nake ƙarawa a kan dokokin wasan da aka saba. Saboda hazon safiyar, a zagaye biyu na farko ba a harbin abin da ya wuce inci 12. Sannan in baraden Faransa suka shiga gaban igwoginsu, kamar yadda Francis ya yi, igwa ta yi shiru ke nan har sai sun kauce.