Man steroid ɗin da famasi ke sirkawa, ga yadda ake amfani da shi

Wani lokaci likita zai rubuta miki man shafawa saboda ƙaiƙayi da jan fata irin na eczema, kin je famasi sai a haɗo miki shi a ƴar roba. Sirkawa akayi, misali betamethasone (wani steroid ne, wato maganin rage kumburi da ƙaiƙayin fata) 0.1% kashi 1 a zuba man da ba magani a ciki kashi 3 ya koma 0.025%, irin ƙarfin Betnovate RD da kamfani ke sayarwa a sirke.

To don Allah kar kice ai an sirka ba ƙarfi. Sirki baya rage ƙarfin steroid daidai yadda lissafi ya nuna, fata na zuƙarsa sosai, shiyasa raina ke ɓaci idan naga uwa ta matse Funbact-A cikin man kaɗanya tana mulke jariri wai ƙuraje ko ya yi haske, alhali betamethasone ne a ciki, fatar sai tayi siriri nankarwa ta fito jijiyoyi su bayyana. Haɗi aikin famasi ne.

Kafin ki baro wajen ki tambayi sunan maganin da ranar da zai lalace, a rubuta a jikin robar, domin kirim ɗin da aka sirka baya jimawa, sau da yawa sati 2 ne saboda sinadarin da ke kare shi daga ƙwayoyin cuta shima ya sirku. Ki ɗiba da cokali mai tsafta, banda tsoma yatsa.

Awo kuma, layin man da aka ɗora daga kan yatsa manuniya zuwa gaɓar farko kusan rabin giram ne, ya isa faɗin tafin hannun babba guda 2. Ki shafa sama-sama iya inda ciwon yake, sau 1 ko 2 a rana yadda likita yace, ki jira kamar minti 30 sannan ki bi da basilin, musamman da hunturu.

Fuska, hammata da matsematsi sai da izinin likita. Makero da ƙyasbi kuwa steroid ƙara yaɗa su yake. Idan sati 2 ya wuce ba sauƙi, ko wajen ya fara ruwa da mugunya, ki koma asibiti da robar a hannu.