Yadda ake dawo da saitin bin sawu na MySQL bayan an maido da ajiyar bayanai

Wani ɗan uwa da ke kula da kwamfutocin wani kantin magani a nan Gombe ya kira ni. Faifan sabarsu ta reshen Bajoga, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanan ciniki a manhajar MySQL, ya ƙone, ya sa sabo, ya maido da ajiyar daren jiya, komai ya fito tsaf. Amma har azahar cinikin da ake yi a Gombe bai bayyana a Bajoga ba. Ya ce, "Malam, bayanan suna nan, amma sun sandare."

Abin da masu sana'ar ke kira replication, wato bin sawu, kamar yaron shago ne da ke kwafe littafin maigida layi-layi. A nan sabar Gombe ce uwa, ta Bajoga kuma 'ya. Uwar saba tana rubuta duk canjin da aka yi a wani kundi mai suna binlog, 'yar saba kuma tana karantawa tana maimaitawa. Kafin yaron ya yi aikinsa sai ya san inda maigida yake, da kalmar sirrin shiga, da shafin da ya tsaya. Duk waɗannan ba sa cikin rumbun cinikinka: wasu suna cikin rumbun mysql na ita manhajar, wasu a fayil ɗin saiti mai suna my.cnf. In rumbun ciniki kaɗai ka ajiye da mysqldump, wato manhajar ɗaukar ajiya, kaya ka ɗauko ka bar adireshi.

Fara da tabbatar da cutar. A kan 'yar saba rubuta SHOW REPLICA STATUS. In ba ta ba ka ko layi ɗaya ba, saitin ya tafi. Nan take ka kunna read_only, saitin da ke hana rubutu, kada wani ma'aikaci ya shigar da ciniki a can ya dagula lissafi.

Sai ka buɗe my.cnf ka duba server-id, dole lambar ta bambanta da ta uwa. In kuma babbar foldar bayanan MySQL ka kwafo ɗungurungum daga uwa, ka kwafo har da fayil ɗin auto.cnf mai ɗauke da lambar shaidarta. Tsayar da MySQL, goge fayil ɗin auto.cnf, sake tayarwa, za ta ƙirƙiri sabo da kanta.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa: daga wane layi za a ci gaba? In an ɗauki ajiyar daga uwa da --source-data=2, ko --master-data=2 a tsofaffin fitowa, buɗe saman fayil ɗin, za ka tarar da layi mai LOG_FILE da LOG_POS. Na farko sunan kundin ne, na biyu daidai wurin da aka tsaya lokacin ɗaukar ajiyar. Da yawa a nan suke yin kuskure, su je su tambayi uwa inda take yanzu su sa wannan lambar. Yin haka ya binne duk cinikin da aka yi tsakanin daren jiya da yau, kuma ƙila manhajar ba za ta yi ƙorafi ba, sai ranar da aka zo ƙidayar kaya a gane. In kuma ka koma baya fiye da kima, kuskure mai lamba 1062 zai tare ka, wato ana son shigar da abin da yake ciki tuni. Akwai umarnin tsallake kuskure, amma ni ban yarda da shi ba a wannan hali. Rufe miki ne da ƙuda a ciki.

Kafin ka ci gaba, je kan uwa ka rubuta SHOW BINARY LOGS ka ga ko kundin da LOG_FILE ya ambata yana nan. MySQL 8.0 kan share su bayan kwana 30 in ba a sauya saitin ba. In ya tafi, kuskure 1236 ke jiranka. Wanda ba shi da wancan layi, ko kundinsa ya share, kada ya ɓata yini: ya ɗauki sabuwar ajiya da --single-transaction da --source-data=2, ya sake maidowa.

In komai ya cika, ba da umarnin CHANGE REPLICATION SOURCE TO, ka cike SOURCE_HOST, SOURCE_USER, SOURCE_PASSWORD, SOURCE_LOG_FILE da SOURCE_LOG_POS, sannan START REPLICA. Tsofaffin hannu sun saba da CHANGE MASTER TO da START SLAVE, amma fitowar 8.4 ta cire su. Masu amfani da GTID, wato tsarin da ke ba kowane canji lambar shaidarsa, su sun huta da neman lamba, SOURCE_AUTO_POSITION=1 ya ishe su, muddin ajiyar ta zo da layin GTID_PURGED.

Sake duba SHOW REPLICA STATUS. Replica_IO_Running da Replica_SQL_Running duka su nuna Yes, Seconds_Behind_Source kuma ya riƙa sauka zuwa sifili. In na farko ya maƙale a Connecting, ko kalmar sirri ce, ko ƙofar 3306 da MySQL ke karɓar haɗi ta cikinta a rufe take, ko kuwa intanet ce ke wasa.

Na ɗan uwan nan, ajiyarsa ba ta da layin, sai da muka ɗauki sabuwa. Bayan la'asar ya shigar da kwalin farasitamol ɗaya a Gombe don gwaji, aka kira daga Bajoga aka ce ya fito.