Yadda Ake Rage Ma'aikata a Injin Casar Shinkafa Ba Tare da Ɓata Zumunci Ba

A yankin Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga yake ciyar da noman rani, mai injin casa yakan ɗauki ma'aikata da yawa da kaka, amma idan shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ta yi tsada kuma kuɗin man injin ya haura, dole ya rage hannu. Wahalar ita ce, wanda za a sallama ba baƙo ba ne; sau da yawa ɗan maƙwabci ne, ko wanda ake haɗuwa da shi a sahun Asuba.

Kafin a ambaci sunan kowa, a tara ma'aikata a faɗa musu halin da ake ciki, a nuna musu littafin ciniki idan da hali, domin gara su ji daga bakin mai gida da su tsinta a majalisar mai shayi. A fara gwada rage kwanakin aiki ko yin karɓa-karɓa, watakila hakan ya isa.

Idan sallamar ta zama tilas, a bi ƙa'ida ɗaya wadda kowa ya sani. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya tanadi cewa wanda ya shigo daga baya shi ne zai fara tafiya, tare da la'akari da ƙwarewa da riƙon amana. A nan ne masu injin da yawa suke tuntuɓe: a sallami wanda ya shekara shida yana gane matsalar injin daga ƙararsa kawai, a bar ƙanin matar mai gida da ya zo bara. Waɗanda suka rage suna kallo, kuma daga ranar za a ga aiki ya yi sanyi.

Sashe na 11 ya ƙayyade wa'adin sanarwa: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga wanda bai cika shekara biyar ba, sannan wata guda daga shekara biyar zuwa sama. Sanarwar da ta kai mako sai a rubuce, ko kuma a biya kuɗin wa'adin a madadinta.

A kira mutum shi kaɗai, ba a gaban 'yan dako ba, a lissafa haƙƙinsa a gaban shaida, a damƙa masa a ranar, kada a ce ya dawo bayan kasuwa ta ci. Washegari a zauna da sauran a sake raba aikin awo, shanya da ɗinkin buhu, wanda nauyinsa ya ƙaru kuma a ƙara masa wani abu a kan ladansa.